Inuwar Arzika

Shekarar da baƙo ya sauka kasuwar Acida
da baƙin raƙumi wanda ba ya barin sawu,
bai taya albasa ba, bai dubi jar fata ba.
Inuwa yake saye.
Azurfa cike da tafi a kan kowace guda.

Ni na fara miƙa tawa.
Na ce, me ta taɓa tsinana mini?
Ya naɗe ta kamar tabarmar kaba, ya cusa a mangala.
Kafin la'asar gari ya bi sahuna,
mahauta, masu fura, masu dakan taba,
har da wanda ya haɗa da ta tsamiyar gidansu.

Arzika kaɗai ya ƙi.
Yarona ne a rumfar dukanci,
shekara goma sha uku, mai wushirya,
yana ɗingishi tun yaye.
Ya ce, "Baba, ba tawa ba ce. Aro anka ba ni."
Munka yi dariya har da tafawa.

Sai bazara ta zo.
Wanda ya san ranar Sakkwato ya sani.
Zaure ya zama tanda, randa ta tafasa,
katanga tana tsaye ba ta kāre kowa,
kurciya ta faɗo daga reshe a gashe.
Azurfa a aljihu tana ƙona cinya.

Ranar da jaririyar Tumba ta daina kuka,
ba don ta ƙoshi ba,
Arzika ya ɗauki wuƙar da nake fiɗar fata,
ya durƙusa, ya yanki gefen inuwarsa,
ya lulluɓa mata.
Yarinya ta yi atishawa, ta nemi nono.

Na ga leɓensa ya yi fari. Ban hana ba.

Washegari makaho Jabbi, ƙyalle ɗaya.
Mai naƙuda a bayan marina, biyu.
Ya ba jakin mai ruwa, aka ce ya yi wauta,
ya ce, "Shi bai sayar da tashi ba, saida mishi anka yi."
Kowane yanka, wani abu na barinsa:
yau muryarsa ta sirance,
gobe ya manta sunan uwarsa,
jibi almakashi ya fi ƙarfin hannunsa.

Sun yi layi a ƙofar rumfata.
Ba wanda ya zo da azurfarsa.
Ni ma ina cikin layin, kaina a ƙasa,
na ce gwiwata ce, na ce tsufa ne.
Ya dube ni kamar yadda yake duban ɗinkin da ya karkace,
ba zargi, neman inda za a gyara kawai.
Abin da ya rage bai fi tafin takalmi ba.
Ya yanke.

Ana kiran azahar ya kwanta gefen tulu.
Munka ɗauke shi, ba nauyi,
kamar an ɗauki rigar da aka shanya.
Likkafani ya yi masa yawa.
A daren hadari ya taso daga gabas,
ruwa ya sauka, ya makara da yini guda.

Baƙon bai dawo ba. Inuwarmu ma haka.
'Yar Tumba ta yi aure bara,
tana tafe da ɗan duhu mai sanyi a kafaɗa,
ta ɗauka kowa haka aka haife shi.

Nawa rabon yana nan bakin rumfa.
Ba ya tsawo da yamma, ba ya gajarta da rana,
kuma in ka lura, ya ɗan karkata hagu
kamar mai ɗingishi.
Ban taɓa sa ƙafata ciki ba.
Tururuwa ke hutawa a wurin,
ni ina gefe, cikin rana, ina ɗinki.